Mu da Fitar Lahadi

Jama'a, a faɗi gaskiya, duk Duwala babu masu son ƙulla tafiya kamar mu Hausawa. Tun Laraba magana ke yawo daga New Bell har Ndogbong: Lahadi sai Limbe, da an sallame asuba mota za ta ɗaga. Amma sai hantsi ya dubi ludayi muke tsallake gadar Wuri, don Alhaji ya koma ɗauko katin shaida saboda jandarmomi, Hajiya kuma tana jiran dambun nama ya sha iska.

Tafiyar kamar kilomita 70 ce, guzurin kuwa sai ka ce na mai zuwa Garwa: kula biyu, shayi, buta, darduma, ga yaji ƙulle a leda. Kafin a kai Mutengene motar ta rabu gida biyu, wasu na cewa kasaru ta kama mu, wasu na cewa da saura, kowa da malaminsa, har a iso ba a kashe maganar ba.

Limbe tsohon gari ne. Wani ɗan mishan, Alfred Saker, ya kafa shi a 1858 da sunan Biktoriya, sai a 1982 aka canja masa suna. A lambun itatuwan da Jamusawa suka dasa a 1892, sauran baƙi na karanta alluna, mu kuwa Baba ya tsinko ganye ya murza, ya shinshina, ya ce, "Kai yaro, wannan ai maganin shawara ne!" A bakin teku, inda aman wutar dutsen Kamaru ya mai da yashi baƙi ƙirin, mun biya kuɗin mota don mu ga ruwa, amma babu mai bari ya wuce masa idon sawu. A naɗe ƙafar wando, a ɗauki hoto, a tura wa 'yan uwa a Kano da Maraɗi, shi ke nan an yi wanka. Gasasshen kifin Down Beach ma sai an ja ciniki, sannan a kwance yajin gida a barbaɗa.

Haka muke ko'ina. Kai mu Edeya, kan gadar ƙarfen da aka gina bisa kogin Sanaga a 1911, sai ka ji wani yana lissafin abin da ƙarfen zai yi a sikeli. Kai mu Buya, wadda Jamusawa suka mayar hedikwata a 1901, mu da muka ci hunturun arewa mu ne kan gaba wajen kukan sanyi. Bimbiya kaɗai ke ɗauke mana surutu, don duk wanda ya ga kangayen da aka riƙa tara bayi kafin a loda su a jirgi, addu'a ce ke zuwa bakinsa.

Sai babbar ɗabi'ar, wadda babu wanda ya kuɓuta: ko ina muka sauka, tambayar farko ita ce ina masallaci, ta biyu ina unguwar Hausawa. Mun bar Hausawa a gida mun zo neman Hausawa! Ana yi wa mai tsire sallama, "Malam, mutumin ina ne?", sai a tarar kakansa da na wani cikinmu garinsu ɗaya. Nan la'asar za ta same mu, rabin wuraren ba a leƙa ba. Wallahi ban ga asara a nan ba, zumunta a ƙafa take, kuma sawun iyayenmu 'yan fatauci da suka ratso har bakin teku shi ma tarihi ne.

Abin da ya rage mu riƙa ɗaukar yara, gani ya kori ji. Mu fara ma da Bonanjo, nan kusa, mu nuna musu gidan sarautar Manga Bell na 1905, mu ba su labarin Rudolf Duala Manga Bell da Jamusawa suka rataye a 1914 don ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa. Kuɗin ɗan acaɓa kawai za a kashe, kuma babu gardamar kasaru.