Kabarin Kyaftin Kirk da goshin Klingon

Mutanen da suka ɗauki alkawarin kai mu ƙarshen sararin samaniya, ashe sunan kyaftin ɗinsu ma bai zauna musu ba. A farko-farkon Star Trek, wanda tashar NBC ta soma nunawa a Amurka a 1966, wani mugu ya tanadar wa Kyaftin Kirk kabari, har da dutse mai rubutun James R. Kirk. To ai T ce a tsakiyar sunan bawan Allah! Masu kare shirin suka ce mugun ne ya yi mantuwa. Sun iya zaɓen mai laifi kuwa, tunda shi aka binne a ramin, ba bakin musu.

Sai 'yan Klingon, wata ƙabilar halittun wata duniya a shirin. Da can goshinsu sumul yake, amma a fim ɗin 1979 suka fito da goshi kamar kunyoyin gona. Kuɗin kwalliya ne ya samu, ba wani abu ba. Da aka tambayi Worf, wanda shi ma ɗan Klingon ne, dalilin wannan sauyi a wani shirin 1996, sai ya haɗe rai ya nuna ba zancen da ake yi da bare ba ne. Sai a 2005 marubuta suka lalubo wata cuta suka jingina mata sauyin.

A fim ɗin 1982 kuma, wani mugu mai suna Khan ya shaida fuskar Chekov, ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin Kirk, alhali lokacin da Khan ya shiga jirgin a wani shirin 1967 ba a ma ɗauki Chekov a shirin ba. Walter Koenig, mai fitowa a Chekov, yakan yi raha cewa Chekov ne ya daɗe a banɗakin jirgin, ya bar Khan a matse a bakin ƙofa.