Yadda Ake Ajiye Teku a Cikin Ɗaki a Dantchiao

Abu na farko da za ka cire daga ranka, kai mai son kiwon murjani a Dantchiao, shi ne tarwaɗa. Ita ce ta ɓata mu. Za ka sayo ta a bokiti, ta wuni a rana, ta kwana a bayan ƙyaure, da safe ka tarar tana kaɗa gashin baki abinta. Gaiwa ma ta fi ta taurin rai: tabki ya ƙafe, ta shige laka ta naɗe, ta yi watanni tana jiran damina. Wanda ya tashi da waɗannan biyun zai ɗauka duk ɗan ruwa haka yake. To, halittun da ake ajiyewa a ƙaramin akwatin gilashi na ruwan gishiri ba su san wannan wahala ba. Daga Tekun Indiya da Pasifik da Bahar Maliya suke, inda zafin ruwa da gishirinsa ba su cika motsi ba, kuma buƙatarsu a wurinka guda ce: yau ta zama kamar jiya, gobe kamar yau. Kai kuwa kana garin da Afrilu ke haura digiri 40, Janairu ta zo ka nemi bargo biyu.

Murjani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu mata sun rataya ja a wuya, wanda fatake suka ratso Sahara da shi daga Bahar Rum, kuma kuɗin wuri da aka yi ciniki da su a Damagaram da Kano daga tsibiran Maldif suka fito. Sai dai matattunsu muka sani. Murjani dabba ne mai rai, yana da baki, kuma a cikin namansa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda ke sarrafa haske su ciyar da shi. Riƙe wannan, domin shi ne dalilin fitila, shi ne kuma dalilin tsoron zafi.

Kada ƙanƙantar akwati ta ruɗe ka. Mutane suna sayen mai lita 20 don suna ganin zai fi sauƙi, alhali shi ne mai wuyar. Ruwa kaɗan da wuri yake ɗaukar zafi, da wuri yake hucewa, kuma kuskure ƙanƙani a cikinsa babba ne. Mai lita 40, wato cikin jarka biyu, shi ne mafi ƙaranci da zan yarje maka. In ka sami mai 80, ka gode Allah ka ɗauka.

Sai gishiri. Ruwan teku yana da kamar giram 35 a kowace lita, don haka akwatinka na lita 40 zai ci kusan kilo ɗaya da rabi. Ranar da ka faɗi haka a tsakar gida, Inna za ta ce, "Haba ɗan nan, gishiri ne za ka aika Kano a sayo? Ga shi nan cike da kwano a madafi." Durƙusa ka yi godiya, ka karɓa, ka mayar mata da shi da daddare. Gishirin miya ba shi da magnesiyam da kalsiyam da sauran sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su. Kawu zai kawo shawarar kantun Bilma, maƙwabci ya ce a jefa 'yar kanwa. Duka biyun na dabbobi ne da miyar kuka. Abin da kake nema gishirin da aka haɗa musamman don akwatin teku, da na'urar auna gishiri, rifiraktomita, wadda za ta nuna maka 35, ko 1.026 a ɗaya ma'aunin. Harshe ba ya auna wannan, ko da na wanda ya shekara arba'in yana ɗanɗana miya ne.

Ruwan da za ka dama gishirin shi ma da magana. Na rijiya da na fanfon burtsatse suna ɗauke da abubuwan da cikinka ya saba da su amma murjani bai saba ba. Na sama da ya gangaro ta rufin kwano ya kwaso tutiya, guba ce gare su. Nemi ƙaramar matata irin wadda ake kira RO. In tatattun ruwan batir za ka saya, tambayi mai shago sau biyu, domin wani an riga an gauraya shi da asid.

Ga ƙa'idar da ta fi kashe akwatuna a ƙasa mai busasshiyar iska: ruwa ne ke tashi sama, gishiri yana nan. In hunturu ya sha maka lita biyu daga cikin 40, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 37 ba tare da ka taɓa komai ba. Ja layi a jikin gilashi, kullum safe da yamma ka cika zuwa layin da ruwan daɗi zalla. Wanda ya cika da ruwan gishiri, a mako biyu ya haɗa abin jeme fata. Ruwan gishiri sabo sai ranar canji, sau ɗaya a mako, ka kwashe kashi ɗaya cikin goma ka mayar da sabo mai zafi ɗaya da na ciki.

Yanzu ka zuba yashi, ka jera duwatsu, ka kunna injin motsa ruwa, ka zauna. Mako huɗu zuwa shida babu kifi ko ɗaya. A wannan lokaci ƙwayoyin bakteriya ne ke kafa gida a ramukan dutse, su ne za su riƙa mayar da amoniyar kashin kifi zuwa naitirait, sannan naitiret mai sauƙin cutarwa. Ɗan abincin kifi da za ka jefa ya ruɓe shi ne abin da za su fara ci. Wannan shi ne lokacin jarrabawa, domin labari zai zaga unguwa cewa Malam ya kashe kuɗin rago yana kiwon dutse. Abokai za su zo bayan la'asar, su tsuguna, su leƙa ta gaba, su leƙa ta gefe, wani ya ce, "Malam, ko sun ɓuya ne?" Ka ce masa dabbobin suna nan, miliyoyi ma, ido ne ba ya ganinsu. Gaskiya ka faɗa. Ba su shayi, kada ka sa kifi sai abin gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili.

Zafi shi ne babban abokin gaba, kuma a nan ya kamata yawancin kuɗinka su tafi. Murjani yana son digiri 24 zuwa 27. In ruwa ya daɗe sama da abin da ya saba, sai ya kori tsirran nan na jikinsa, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998, haka a gaɓar Ostareliya a 2016, a can kuwa ƙarin digiri ɗaya ko biyu na 'yan makonni ne ya yi wannan ɓarna. To, ina ga ɗakin kwano a Magariya da azahar? Kai akwatin ɗakin ƙasa mai kaurin bango, nesa da taga. Sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, za ta rage maka digiri biyu ko uku, ta hanyar da randa ke sanyaya ruwa. Maƙwabtanmu na Jigawa sun san darajar wannan dabara: da tukunya cikin tukunya Malam Mohammed Bah Abba ya ci kyautar Rolex a 2000. Amma fanka kaɗai ba za ta haye da kai Afrilu da Mayu ba, sai da na'urar sanyaya ruwa. Ranar da ta ɓaci, daskarar da ruwa a gorar roba mai murfi ka sa ta tana yawo a ciki. Kada ka fasa ƙanƙarar kasuwa ka zuba. Da hunturu kuma hita za ka kunna. Ma'aunin zafi ya zauna a inda za ka gan shi kafin ka ga fuskar kowa da asuba.

Duk wannan wuta yake ci. Kowa a yankin Damagaram ya tuna Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har tsawon watanni. Akwatin da injinsa ya tsaya cikin zafi, 'yan sa'o'i kaɗan iskar da ke ruwan za ta ƙare. Saboda haka faranti na sola da batir kafin kifi, kuma injin motsa ruwa ya sami layinsa shi kaɗai. Rubuta a jikin bango cewa ba a cajin waya a nan. Ƙanenka zai ce minti biyar kawai, Yaya. Saya masa nasa wurin cajin, ya fi araha.

Kifi biyu sun ishi lita 40. Yara za su zaɓi mai ruwan lemon nan mai farar ɗamara uku, wanda suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003, kuma zaɓi ne mai kyau, domin ana ƙyanƙyasar shi a gona, ba sai an kamo daga teku ba. Sayi biyu ƙanana kada ka damu da tantance mace da namiji. Cikinsu wanda ya fi girma da faɗa shi zai rikiɗe ya zama macen, ɗayan ya bi ta sau da ƙafa. Wannan bayani ka yi shi a zaure, in ka kai shi cikin gida za ka daɗe kana jin sa. In kana son abin kallo na gaske, maimakonsu, nemi ɗan kifin gobi da abokinsa jatan lande mai tono. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami yana fito da yashi, gobin yana bakin ƙofa yana gadi. Duk fitowar da zai yi, gashin kansa ɗaya na kan jikin gobin. Inuwa ta gifta, gobin ya kaɗa wutsiya, su biyun su ɓace cikin ramin kafin ka ƙifta ido. Rufe saman akwatin da raga, gobi yana tsalle, kyanwa kuma tana da haƙuri.

A murjani fara da masu taushi, irin masu kama da lema da masu kama da ƙananan furanni. Cikin na biyun akwai masu ɗauke da guba mai tsanani da ake kira falitoksin, kuma nan babu wasa: sa safar hannu, kare idonka, kada a taɓa tafasa dutsen akwati da sunan wanke shi, domin tururin yana kwantar da gida guda.

Kawa, dabbar nan mai ɓawo biyu da leɓe shuɗi mai ƙyalli, ita ce amaryar akwati, kuma ita ake kawowa ƙarshe. Babbar dangin, Tridacna gigas, tana wuce kilo 200. Taka ita ce ƙarama, Tridacna crocea, wadda ba ta cika wuce santimita 15 ba. Tana son fitila mai ƙarfi da kalsiyam tsakanin 400 da 450 a abin gwaji, tana kuma shanye shi da sauri a ruwa kaɗan. Tana da ƙananan idanu a gefen leɓenta, in ka gitta hannu ta sama sai ta tsuke. Wadda ba ta tsuke ba a shagon mai sayarwa, bar masa kayansa. Kada ka kawo ta sai akwatinka ya ga bazara ɗaya da hunturu ɗaya lafiya. Ita da murjani mai ƙashi suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda Nijar da Najeriya duk suka sa wa hannu, don haka nemi wadda aka yi kiwonta a gona, da takardarta. Tafiyar ma doguwa ce: jirgi daga Indonesiya ko makamancinta, sannan mota daga Kano ta Babura. Sa ledojin a kula, ka taso da asuba, ka zauna gaba ka rungume ta. In ɗan kamasho ya ce a ɗaure ta a sama tare da buhunan masara, biya kuɗin kujera biyu.

Saura mutanen gida, kuma su da ƙauna suke kisa. Kaka za ta ga kifi biyu ba su ƙoshi ba ta gutsura musu tuwo. Abincinsu abin da za su cinye cikin minti ɗaya ne, ragowar ruɓewa yake. Amarya za ta turara ɗaki, wani ya fesa maganin sauro, duk kuwa abin da ke iska yana sauka a ruwa. Hannun da ya sha man shafawa ko sabulu ba ya shiga ciki. Mafi haɗari ɗan yaye ne da dala biyar a hannu, domin akwai tagulla a kwabban nan, tagulla kuwa tana gamawa da murjani da kawa da jatan lande. Ɗora akwatin inda hannunsa ba ya kai, ka riƙa ɗaga shi a kafaɗa yana kallo, ka kuma ba babbar yayarsa sarautar duba layin ruwa. Yarinyar da aka naɗa sarauniyar teku ba ta bari ko kai ka yi sakaci.

In tafiya ta kama ka, ƙulla abincin kowace rana a 'yar takardarsa daban, ka ɓoye sauran gwangwanin a gidan abokinka. Ajiye jarkar ruwan daɗi kusa da akwati da rubutu a jikinta, ta ruwan gishiri kuma ka kulle ta a ɗaki ka tafi da makulli. Kullum bayan azahar ka bugo waya. Gaida Inna tukuna, ka tambayi jikin Baba da yara da awaki, sannan ka ce a karanto maka lambar da ke jikin ma'aunin zafi.