Yadda Mai Ƙaramar Maɗaba'a Zai Kai Baɗi da Hankalinsa

Ɗaki ɗaya ya isa, matuƙar yana bakin titi. Mai niyyar shiga sana'ar zai sa tebur, da kwamfuta mai ɗauke da CorelDRAW, da firinta, da benci na masu jira, ya kafa fankar da za ta riƙa watsa masa takardu duk lokacin da aka kawo wuta. Daga nan sai ya rubuta a ƙofa cewa ana buga katin aure, kalanda, fosta, rasit, satifiket "da sauransu". Kada ya raina wannan "da sauransu". A ƙarƙashinta takardar maganin basir take, da sitikar bayan adaidaita sahu, da 'yar takardar da ake mannawa a robar zoɓo da kunun aya. Su ne za su biya kuɗin haya a watannin da ba a aure, ba a zaɓe.

Ba dole ba ne ya mallaki babban inji. Yawancin ƙananan shaguna a Kano da Kaduna da Zariya zane suke yi, su kai a fitar musu da faranti, sannan su ɗaure takardarsu a bayan babur su nufi wurin mai inji. Wanda zai fi cin karo da shi shi ne Kord 64 na kamfanin Heidelberg na Jamus, dattijon da galibi ya girmi mai tuƙa shi, ya yi ritaya a Turai ya zo nan ya kama sabon aiki. Kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Fosta mai cikakkiyar kala kuwa tawada huɗu take sha: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa, da baƙi. Ke nan faranti huɗu, wankin inji huɗu, kuma kowace takarda sai ta ratsa injin sau huɗu, ana addu'ar ta faɗa daidai inda ta faɗa a karon farko. In ta goce ko da rabin milimita, ango zai fito da idanu huɗu. Akwai injin dijital da ba ya buƙatar faranti, kuma yana da sauri, sai dai kuɗin kowace takarda kusan ɗaya ne, ko goma aka buga ko dubu. A Kord kuwa dubu ta biyu ta fi ta farko araha nesa ba kusa ba, don an riga an biya kuɗin faranti.

Wannan bayani sabon mai shago zai haddace shi ne don amfanin kansa. Kada ya ɓata yawunsa wajen yi wa Alhajin da ya shigo ƙarfe biyar na yammacin Alhamis yana son kati 500 kafin sallar Juma'a. Amsar da aka gada a sana'ar ita ce, "In sha Allahu, Alhaji," sannan a aiki yaro ya sayo fetur.

Katin ɗaurin aure shi ne makarantar farko, kuma ba a sauka. A ido aiki ne mai sauƙi: iyalan wane da iyalan wane suna gayyata, ga ango, ga amarya, ga rana, ga masallaci. A aikace kuwa mai zane zai gane cewa an ba shi shari'ar gado ne ya yanke a faɗin tafin hannu. Wane gida ne zai zo a sama? Kawun da ya riƙe amarya tun tana goye, sunansa zai shiga ko kuwa na mahaifinta marigayi ya wadatar? Uban ango Alhaji ne, Injiniya ne, kuma yana da sarauta a garinsu, ga shi layin ba zai ɗauki ukun ba sai an ƙanƙance harafi, alhali uban amarya Malam ne kawai, sunansa ya baje a layinsa yana walwala. Mai shago mai wayo ba ya tofa albarkacin bakinsa a nan. Zai ce, "Ranka ya daɗe, a rubuto min yadda ake so a takarda," ya ajiye takardar a aljihun tebur mai makulli, don akwai ranar da za a neme ta.

Sai katin mata, wanda duniya ce daban: sa lalle, kamu, walima, dina, kowanne da ranarsa da wurinsa da ankonsa. Hajiya za ta zo da ƙyallen leshi a jaka, ta shimfiɗa a kan tebur ta ce, "Yaro, kalar nan nake so, kada ta ɗara, kada ta gaza." Za a nemo kalar a kwamfuta, ta duba ta ce ita ce. Abin da ba ta sani ba, fuskar kwamfuta da haske take haɗa kala, ja da kore da shuɗi, ita kuwa takarda da tawada, kuma akwai kalolin da haske ke yi waɗanda tawada huɗun nan ba sa iya kaiwa gare su. Shuɗi mai ƙyalli da ruwan goro mai ɗaukar ido su ne kan gaba wajen ba da kunya. Mafita ita ce a buga mata gwaji ɗaya a kan ainihin takardar, a fita da ita bakin ƙofa ta gani a hasken rana. In ta ce "to, ba laifi," ya sani cewa da laifi, amma an yafe.

Kafin a kai aiki inji, akwai abokan gaba uku da ke laɓe a cikin rubutu. Na farko haruffa masu lanƙwasa. Su ɓ, ɗ, ƙ sun shiga ɗab'in Hausa tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, amma har yau yawancin ƙawatattun salon rubutun da ake so a katin biki ba su san da su ba. Ko dai su bar ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma, ko kuma mai zane ya gaji ya cire lanƙwasar, sai a wayi gari an raba kati mai jerin "manyan baki" ga mutanen da aka so a girmama. In mai aikin daga Maraɗi ko Damagaram ya zo, a tuna cewa a can ƴ suke rubutawa inda Nijeriya ke sa 'y. Na biyu Larabci: Bisimillar da aka kwafo daga intanet aka manna a manhajar da ba a saita ta ba takan fito a warwatse, haruffa sun rabu, sun kuma juya daga hagu zuwa dama, kuma limamin unguwa ne zai fara lura. Na uku kwanan wata. An sha buga "Asabar" a gaban ranar da kalanda ta ce Juma'a ce. Kwanan watan Hijira kuwa, wanda aka buga wata biyu kafin biki, caca ce ta kwana ɗaya, tunda sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar.

Maganin ukun ɗaya ne: mai aiki ya karanta gwajin da bakinsa, da ƙarfi, ya sa hannu a ƙasa. Ba zai karanta ba. Zai duba sunansa, ya ga ya yi kyau, ya sa hannu. Amma dai ya sa hannun.

Maganar hoto ma tana buƙatar haƙuri. Ƙa'idar ɗab'i mai kyau ita ce ɗigo 300 a kowane inci, wato fosta mai girman A3 tana son hoto mai ɗigo wajen 3,500 a faɗi da 5,000 a tsawo. Abin da za a turo wa mai zane kuwa hoto ne da aka ɗauka a wurin suna shekara shida da suka wuce, aka ɗora a Facebook, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, ya tura ta WhatsApp, wanda shi ma ya ƙara matse shi. Sannan a ce a cire mutumin da ke gefe, a sauya hular, a ɗan rage tumbi, a ƙara haske "amma kada a ce an yi bilicin". Ya roƙa a turo masa asalin hoton a matsayin fayil. Za a ce an gane, sai a sake turo wancan ɗin sau uku.

Akwai ƙananan ladubba da ba a koyarwa sai an ƙone. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe, don wuƙar yankan takarda ba ta san lambar wayar ɗan'uwan ango ba. A mayar da rubutu zane, ko a fitar da aikin a PDF kafin a kai shi wani shago, domin kwamfutar can tana iya zama da tsohon CorelDRAW da zai ƙi buɗe fayil ɗin, ko ya buɗe ya sauya salon rubutun da wanda ya ga dama. Kuma a riƙa adana aiki kowane minti biyar, saboda ba a sanar da mai zane kafin a ɗauke wuta.

A ɓangaren farashi, sabon shiga ya kiyayi alƙawari mai tsawon rai. Gwamnati ta taɓa kafa masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma yawancin farar takardar da ake bugu a kanta daga waje take zuwa, haka tawada da faranti. Don haka rim ɗin takarda mai ganye 500 da dala yake kwana, da dala yake tashi. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, janareta ya zama abokin tarayya mai kaso a kowane aiki. Wanda ya faɗi kuɗin kalanda a Oktoba ya buga a Disamba a kan tsohon farashi, sadaka ya yi ba da niyya ba. Mai saye zai shafa kati mai nauyin giram 300 ya ce shi yake so, sannan ya taya shi da kuɗin takardar giram 80 ta fotokwafi. Sai a yi murmushi, a karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen takarda, kafin a taɓa linzamin kwamfuta.

Shekara tana da nata yanayi. Sha'aban na rububin aure ne kafin azumi, sai jadawalin sahur da shan ruwa mai tallar kantin wani a ƙasa, sai satifiket na saukar karatu a Islamiyyu, sai kalandar ƙungiyoyi a Disamba. Da damina takarda takan sha danshi ta yi tuɓus, da hunturu ta bushe ta manne wa juna, ƙura kuma ta bar tabo a goshin amarya.

Amma babbar kakar ita ce ta siyasa, kuma a nan ne shago ke tashi ko ya durƙushe. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba da kwana 150 na yaƙin neman zaɓe, shi ya sa daga 28 ga Satumban 2022 har zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, da na gwamnoni a 18 ga Maris, injuna ba su huta ba. Gaskiya ma tun kafin zaɓen fid da gwani ake fara aikin, lokacin da kowace mazaɓa ke da 'yan takara goma sha, kowanne "al'umma ce ta matsa masa ya fito". Honarabul da kansa ba kasafai yake zuwa ba. Yaransa ne ke cika benci, su nemi fosta dubu goma da fileks mai rufe rabin gini, su ce, "Oga, kai dai buga, mai gida ba ya wasa da kuɗi. In muka shiga, duk ayyukan ma'aikata naka ne." A farkon 2023 ga kuma ƙarancin takardun naira, ana nuna wa mai shago waya cewa an tura, shi kuwa tasa wayar shiru har gari ya waye.

Ƙa'idar wannan kaka a bayyane take: kuɗi cif kafin faranti. Bashin wanda ya faɗi ba ya biyuwa, don ya kashe waya. Na wanda ya ci ma ba ya biyuwa, don yanzu akwai 'yan sanda a ƙofarsa. Mai zane kuma ya ajiye tambarin jam'iyya a shimfiɗa ta daban da hoton ɗan takara, ta yadda in Honarabul ya sauya sheƙa cikin dare, dannawa biyu ta isa a sauya masa tuta da kalar bango, murmushin na nan yadda yake. Haka hoton uban gidan da aka liƙa a kusurwar sama: kada a haɗe shi da sauran zanen, don shi ne ya fi saurin sauka.

In duk da haka aka bar masa fosta dubu uku ba a zo ɗauka ba, kada ya zubar. Kord yana cin takardu da dama kafin tawada ta daidaita a farkon kowane aiki, kuma ba a yin wannan gwaji da sabuwar takarda. Tsofaffin fostocin ne ake turawa, a buga katin walima a kan fuskar Honarabul, gobe a ƙara da tallar makarantar firamare, jibi da takardar maganin basir. Fayil ɗin ma ya adana shi da kyau a wuri biyu. Bayan shekara huɗu yaran nan za su dawo, su zauna a benci ɗaya, su yi gaisuwa mai tsawo ba tare da an ambaci tsohon bashi ba, sannan babbansu ya ce, "Oga, hoton nan na wancan karon yana nan? Mai gida ya ce shi yake so, ya fi fito da shi yaro."