Gida mai haki a kan dutse

Wani Ba'amurken in ya yi ritaya, sai ya sayi ƙatuwar mota mai ɗakin kwana, madafa da banɗaki, ya goya gidansa kamar kunkuru ya kama hanya. Lafiya lau, sai ya doshi ramin Eisenhower, hanyar mota ta cikin dutse a Colorado, mita 3,400 sama da teku. A can iska ba ta da kauri, shi kuwa injin dizal da iska yake ƙona mai. Injin da ba shi da turbo, na'urar da ke ƙara masa iska, yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Ga gida nan yana hawa yana haki, yana tusar baƙin hayaƙi.

In ya kwana a can cikin sanyi, asuba ce babbar shari'a. Kakin da ke cikin dizal ya daskare, mai ya koma kamar man shanu a tsakiyar hunturu, ya toshe matatar mai. Batir ma ya yi laƙwas. Maigida ya murɗa makulli, injin ya yi tari biyu ya koma barci. Ya fito da bargo a kafaɗa yana leƙen ƙarƙashin mota, uwargida na tambaya ta taga: "Famfon ma ya ƙi, da me za a dafa shayi?"