Labarin wani gari, ba namu ba

Ranar da Alhaji ya yanka sa don sadakar mahaifinsa, a wani ƙauye tsakanin Madawa da Buza, Gwaggo na bakin zaure tana saƙar kaba. Aka kawo mata nama, ta ture kwanon gefe, ta kira yara.

"Ku matso in ba ku labarin wani gari, ba namu ba."

Ta ɗan ɗaga murya, alhali yaran na gindin ƙafarta.

"Shekarar da yaƙin Hitila ya tashi, kumandan ya aiko a kawo samari. Ƙuri'a ta faɗa kan ɗan wani mai hali. Da dare uban ya kora awaki biyu inda ya kamata. Da gari ya waye, marayan ƙanensa ne a sahu. Aka sa masa jar hula. Geron da ya shuka ma bai ga girbinsa ba."

Wani jikanta ɗan lakkol ya ce 1939 ke nan. Ya ce a Yunin 1940, a Shasale kusa da birnin Liyon, sojan Jamus sun ware baƙaƙe daga farare suka harbe su. Yau baƙaƙen sojoji 188 na kwance a wurin cikin jan gini, wasu ko suna babu, kuma duk shekara ana zuwa a tsaya musu.

"Ko yana cikinsu, Allah masani," in ji Gwaggo, ta jiƙa kabar da yawu. "Turawan can dai ba su ci gadonsa ba. Gonarsa ta fadamar Tarka gidan baffan ta koma. Albasarta ta je Abijan, ta yi soro, ta kai mutum Makka sau biyu. An haifi 'ya'ya maza a gidan nan sun fi ashirin, ba wanda aka mayar wa sunansa. Sau ɗaya aka neme shi: da rediyo ta ce Faransa za ta ƙara wa tsofaffin soja kuɗi. Aka kwance adaka, aka kakkaɓe takardarsa, har da mai hawaye. Da aka ce bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, babu abin karɓa, sai aka bar wa gara."

"Gwaggo, wa sunansa?"

"Na tsufa, ya ɓace mini. Amma ga liman can zai fara jero mamatan gida. Ku je ku kasa kunne."

Alhaji na tsaye bayan zana da farantin goro a hannu. Ya daɗe bai shiga ba.