Ƙanƙara a hanyar Wad Madani

Da matatar mai ta Al-Jaili ta fara aiki a 2000, gas ya wadata a Sudan, har wasu masu tsofaffin motoci suka ɗaura musu tukunya. Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, a 2018 kuwa direba kan kwana a layin gidan mai. Kawuna yana cikin waɗanda suka rantse sun bar layi har abada. Tsohuwar Hilux gare shi, irin wadda ake kira boksi, yana ɗaukar tumatir da albasa daga ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu zuwa kasuwar Madani. Tankinsa na fetur ya daɗe da bushewa, shi kuma alfahari yake da hakan.

Wata asubar Janairu, boksi ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta yi tari, ta mutu. Ni ne ƙarami a motar, don haka turi ya faɗo kaina.

"Kawu, ko mu nemo fetur kaɗan?"

"Kai yaro, tura! Motar nan ta girme ka."

Mai tumatir ya ce batir ne. Wani dattijo da ke kan jaki ya ce baki ne, ya tofa wa sitiyari addu'a. Kawu ya ciro fulogai ya kankare su da wuƙa. A nan kam bai yi wauta ba, domin gas ya fi fetur wuyar kamawa, fulogin da ke lallaɓawa da fetur sai ya ba da kai a gas. Muka sake turi. Mota ta saki ƙara kamar bindigar ɗan tauri, jaki ya yi gonar auduga da dattijo a kansa.

Rana ta ɗaga kafin a samo bakanike, wanda ake ce wa Usta. Ya buɗe gaban mota, ya nuna wani ƙarfe mai faɗin faranti kusa da inji. Ya yi fari fat. Ƙanƙara ce, a nan jihar Jazira, inda zafin Mayu ke haura digiri 40!

"Usta, wannan ai aikin aljanu ne."

"Alhaji, yaushe rabonka da duba lagireto?"

Kawu ya shiga gyaran hula.

Abin ba sihiri ba ne. Gas a tukunya ruwa-ruwa yake, sai ya bi ta wannan na'ura ta mayar da shi iska kafin inji ya sha. Wannan juyi yana zuƙe zafi, shi ya sa ake zagayo mata da ruwan lagireto ta tiyo biyu. In ruwa ya ragu, ko inji bai ɗumama ba, sai ta daskare, gas ya tsaya ko ya kwarara ya shaƙe inji. Butan kuwa, wanda ake haɗa gas ɗin da shi, da ƙyar yake tashi idan sanyi ya kusa sifiri. Dalilin da ya sa motoci masu tanki biyu ke tashi da fetur ke nan, sai sun yi ɗumi su koma gas. Tiyon Kawu ya tsage, ruwa ya tsiyaye, kowane turi da na yi ƙara wa ƙanƙara kauri yake.

Usta ya karɓo butar ruwan ɗumi wurin mai shayi, ya kwarara a kan na'urar, ya ɗaure tiyo, ya cika lagireto. Mota ta tashi a murɗawa ɗaya. Mai shayi ta caji kuɗin kofi shida, ta ce ruwanta ba na sadaka ba ne.

Mun isa Madani bayan azahar, tumatir ya fara hawaye, dillalai suka saya a wulaƙance. Har yau Kawu bai yarda laifin tiyo ba ne, ya ce dattijon ne ya yi kuskure a addu'a. Kai mai mota irin tasa, duba ruwa da fulogi tun da dare, ka bar ko lita 2 ta sabon fetur a tanki, musamman idan ɗan 'yar'uwarka ne zai yi turi.