Wasiƙa Zuwa Ga Marigayiya Raccah Rovers Ta Kano

Assalamu alaikum, Hajiya Raka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya a duk inda kika shige. Na kira ki marigayiya ne don haka na ji ana faɗa, amma har yau ban haɗu da wanda ya je jana'izarki ba, balle sadakar uku. Kin sulale ne kawai irin na dalar gyaɗa: aka wayi gari sai fili, sai labari a bakin tsofaffi.

Dalilin wannan takarda shi ne Baffana. Tun ina yaro ya hana mu sakat da zancenki. Da an zuba masa shayi, sai ya tura hula ƙeya, ya fara: "Ku kun san ƙwallo ne? Ku tambayi 1978!" To, na tambaya, kuma ban same shi da ƙarya ba. A shekarar kika cinye kofin gasar ƙasa, a zamanin da ƙungiyoyin Kudu suka mayar da shi kamar gadon gidansu. IICC ta Ibadan ta ɗauka a 1976, Rangers ta Enugu a 1977, kika fizge, Bendel Insurance ta karɓe a 1979. Kafin ke, Mighty Jets ta Jos ce kaɗai ta taɓa kawo shi Arewa, a 1972. Kuma duk wannan ba da 'yan wasa masu kwantiragin miliyoyi ba, tunda gasar ƙwararru sai a 1990 aka fara ta a Najeriya. Zamani ne da ɗan ƙwallo ke da wata sana'ar da yake ci da ita, ƙwallon kuma ta biyo baya da yamma.

Sai batun Pele. A watan Afrilu na 1978, a Kaduna, kika kara da Fluminense ta Brazil, ga Pele cikin rigarsu, mutumin da ya riga ya yi ritaya. Sun ci ki biyu da ɗaya. Ba abin kunya ba ne, Hajiya, wasu da yawa ya yi musu abin da ya fi haka. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yawan waɗanda suka kalli wasan. Duk dattijon da na taɓa a Fagge ko Sabon Gari sai ya ce yana wurin, kuma a bayan raga. Idan aka tara su, ko filin Idi ba zai ɗauke su ba. Baffa ma cewa yake Pele ya ɗago masa hannu. Inna kuwa ta rantse ranar yana gida, kwance da zazzaɓi, rediyo a kunne.

Ga inda nake da ƙorafi. Kin tafi kin bar Kano cikin kewar kofi shekara talatin cur, sai a 2008 Kano Pillars ta share mana hawaye. Ita kuwa masu gida ta yi zamanta, ta ƙara uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ke fa? Ko hotonki ban taɓa gani a shagon aski ba. Na gwada ambatar sunanki a gidan kallo, tsakiyar musun Arsenal da Chelsea, wani yaro ya juyo ya tambaye ni ko sabuwar ƙungiya ce a Ingila. Magoya bayan Fluminense ma sun fi mu tuna ki, su da suka ajiye ki a tarihinsu saboda Pele.

Don Allah, in akwai sauran wata tsohuwar riga ko lambar yabo a ƙasan adaka, ki aiko. Baffa ya tsufa, jikoki sun fara yi masa dariya in ya ɗauko zancen, yana buƙatar shaida. Batun ɗaga hannun Pele kuma, ki bar shi tsakaninmu.

Wassalam,
Ɗan wan wani tsohon masoyinki, Kano.